Me ya sa dabarun Minecraft da nake gani a bidiyo suke ƙin aiki a wayata?

Sabon Magini

Assalamu alaikum. Ina gaida yayyena da suka riga ni daɗewa a wasan Minecraft. Wata bakwai ke nan da na fara buga shi a wayata ta Android, kuma na ɗan samu gindin zama, domin na gina gidan dutse a bakin kogi, na yi gona, na killace shanu da tumaki, har na haƙo daiman guda biyar a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya kawo ni gare ku shi ne, tun da na fara kwaikwayon manyan ayyukan da ake nunawa a YouTube, kusan duk abin da na gina sai ya ƙi aiki, alhali ina bin mai bidiyon bulo bayan bulo, ina tsayar da hoton ina ƙirgawa kafin in ɗora na gaba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne injin samar da ƙarfe. Mai bidiyon ya sa 'yan ƙauye uku a ɗan ɗaki da gadajensu, ya ajiye zombi guda inda za su riƙa ganinsa, sai ga dogarin ƙarfe yana ɓullowa a kan dandamali, ruwa yana tura shi cikin narkakken dutse, ƙarfe yana zuba a akwati. Yammaci biyu na ɓata ina jan 'yan ƙauyen nan a kwalekwale a kan tudu, na gina komai yadda aka nuna, na zauna a gefe fiye da sa'a guda ina jira, amma ko dogari ɗaya bai fito ba. Haka kuma ɓoyayyiyar ƙofar da na haɗa da fistan, wato na'urorin da ke tura bulo idan an ba su wuta: idan na ja makunni sai na ƙasa su motsa, na sama su tsaya cik.

Akwai wasu abubuwa biyu da ba su shafi bidiyo ba, amma su ma sun ɗaure mini kai. Na shuka alkama na tafi yawon neman sabon ƙauye, na yi kwana biyar na cikin wasan a hanya, da na dawo sai na tarar da ita yadda na bar ta, ko tsawon yatsa ba ta ƙara ba. Sannan wata safiya ina buɗe ƙofa kirifa, koren dodon nan mai fashewa, ta faɗo ta fashe a gabana ta rushe mini bango, ga shi kuwa babu lungun da ban kafa tocila ba a cikin gidan.

Shin ƙarfin wayata ne bai kai ba, ko kuwa akwai wasu ƙa'idoji da wasan yake bi a ɓoye waɗanda masu bidiyon ba sa faɗa? Ina son in fahimci tushen abin, don na gaji da kwaikwayo ido rufe.

Mai Jan Gari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma ba ka yi kuskuren ƙirga ba. Abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya fara wasan a waya, kuma dalilinsa shi ne wasanni biyu ne suke amsa sunan Minecraft. Akwai na asali, wanda Markus Persson ya fara saki a Suwidin a 2009 kuma aka kammala shi a 2011, shi ake kira Java, a kwamfuta kaɗai yake aiki. Akwai kuma Bedrock, wanda ya samo asali daga sigar waya ta 2011, aka rubuta shi da wani yaren manhaja daban, shi ne a wayarka da na'urorin wasa irin su Xbox da Switch. Kamfanin Mojang mai yin wasan, wanda Microsoft ya saya a 2014, yana ƙoƙarin daidaita su ta fuskar kaya da halittu, amma injin da ke ƙarƙashinsu daban ne, kuma yawancin mashahuran masu bidiyon fasaha a Java suke wasa. Idan ka ga mai bidiyo ya danna F3 rubutu ya cika fuskar kwamfutarsa, to ka san ba irin wasanka yake bugawa ba.

Ɗauki injin ƙarfen naka. A Java, tsoro ne yake kiran dogari: idan 'yan ƙauye uku da suka kwanta a gado ba da daɗewa ba suka firgita da ganin zombi, kuma babu wani dogari kusa da su, sai wasan ya fitar musu da mai tsaro. A Bedrock tsoro ba ya cikin lissafin sam. Abin da wasan yake dubawa shi ne girman ƙauyen: sai an samu gadaje aƙalla 20 da 'yan ƙauye aƙalla 10, kowannensu ya mallaki gadonsa, kuma kashi 75 cikin 100 nasu sun taɓa kayan sana'arsu a ranar da ta gabata. Idan waɗannan suka cika, dogari ɗaya ake ba kowane mutum goma, kuma kowane dogari yana barin ƙarfe uku zuwa biyar. Saboda haka zombin da ka sha wahalar kamowa ba shi da wani amfani a wurinka, kuma mutum ukun nan ko shekara za su yi ba za su haifar da komai ba. Ka ƙara gadaje, ka ba su burodi ko karas su hayayyafa har su kai goma, ka ajiye wa kowa abin sana'a inda hannunsa zai kai. Ka kuma kula kada ka gina injin kusa da gidanka idan akwai gado a ciki, domin wasan yana iya haɗe gadon naka da ƙauyen, tsakiyar ƙauyen ta gusa, dogarai su riƙa fitowa a inda ba ka shirya musu ba.

Maganar ƙofa ta fi wannan zurfi, kuma ita ce ta sa na ƙaunaci jan garin nan da ake kira redston, wanda ke ɗaukar wuta zuwa na'urori a wasan. A Java, fistan yana da wata ɗabi'a da ba a rubuta ko'ina a cikin wasan ba: yana karɓar wuta daga duk abin da zai iya kunna gurbin da ke samansa, tamkar shi ƙofa ce mai tsayin bulo biyu, ko da kuwa gurbin nan iska ce kawai. Abin mamakin shi ne ba ya lura da wutar nan take, sai wani abu ya canza a maƙwabtansa, kamar a ɗora bulo ko a cire, sannan ya farga ya miƙe. Masu fasaha sun gina dubban na'urori a kan wannan ɗabi'a, har Mojang ya bar ta a matsayin wani ɓangare na wasan, amma ba a taɓa kawo ta Bedrock ba. Shi ya sa rabin ƙofarka ke motsi: fistan ɗin da layin redston ya taɓa kai tsaye suna aiki, waɗanda mai bidiyon ya dogara da ɓoyayyiyar ɗabi'ar nan don kunna su kuwa ba su san ana yi ba. Maganin shi ne ka kai wa kowane fistan wutarsa ta kansa.

Akwai bambanci na biyu da zai iya cizonka nan gaba. A Java, idan aka ba fistan mai danƙo wuta ta ɗan ƙiftawar ido, yana tura bulo ya bar shi a can, sai bugu na gaba ya janyo shi, kuma ƙofofi masu yawa da wannan suke aiki. A Bedrock ba ya sakin bulon. Sannan idan abubuwa biyu suka zo a lokaci guda daidai, Java yana da tsayayyen tsarin wanda zai riga, Bedrock kuwa yana iya zaɓar wannan yau ya zaɓi wancan gobe, don haka mai gini a waya dole ya raba lokutan da rifita, ya ba kowane motsi tazararsa. Rifita tana jinkirta wuta daga kashi ɗaya zuwa kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa, kuma tana sabunta ƙarfinta, tun da wutar redston da ƙarfi 15 take tashi, tana rage ɗaya a kowane bulo har ta mutu.

Kada wannan ya sa ka ji an tauye masu waya, domin kuna da abin da mu ba mu da shi. Fistan ɗinku yana tura akwati da kayansa a ciki, yana tura tanderu da mazurari mai zuba kaya a akwati, abin da na Java ba ya iyawa. Kuna zuba maganin tsafi a tukunya ku tsoma kibiyoyi a ciki. Kuna kuma da dabarar mashi mai baki uku: idan ka jefa shi a ƙasa fistan yana tura shi, duk dodon da ya taɓa wasan zai lissafa kai ka kashe shi. Abin da ya haɗa mu duka shi ne fistan ba ya tura fiye da bulo 12, kuma ba ya motsa obsidiyan, baƙin dutsen nan mai tauri.

Manomiyar Alkama

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Malam ya gama da maganar ƙarfe da ƙofa, ni kuma zan ɗauki alkamar da kirifar, don ni ma a waya nake wasa kuma gona ce ta fi ɗaukar lokacina.

Duniyar Minecraft ba ta tafiya gaba ɗaya a lokaci guda. An yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa faɗinta bulo 16 ne tsawonta 16, daga can ƙasa a ma'aunin -64 har sama a 320. Wasan yana bugawa sau 20 a kowace daƙiƙa, kamar bugun zuciya, kuma yini da dare guda bugu 24,000 ne, wato minti 20. To amma bugun nan gunduwoyin da ke kusa da kai kaɗai yake isa. Da zarar ka yi nisa, wasan yana naɗe gonarka ya ajiye kamar tabarma, babu tsiron da zai girma, babu tanderun da zai gasa, babu ɗan maraƙin da zai zama sa. Kwana biyar ɗin da ka yi a hanya, a wurin alkamarka ko daƙiƙa ɗaya ba ta wuce ba. A cikin saitin duniyarka akwai wurin da ake zaɓar nisan da wasan zai riƙa rayawa, wanda ya bambanta da nisan da ido ke gani, kuma mutane da yawa suna rikita su. Kana iya hango gonarka daga kan dutse alhali tana daskare. Ƙara wannan nisa yana sa waya zafi da cin batir, don haka shawarata ita ce ka kawo gonar kusa da inda ka fi zama, musamman saman ramin da kake haƙa.

Wannan ƙa'ida tana da wata fuskar alheri da ta cece ni ba sau ɗaya ba. Kayan da suka zube idan an kashe ka minti biyar suke yi kafin su ɓace, amma agogon nan ba ya tafiya sai gunduwar tana raye. Idan ka mutu a nesa ka farka a gadonka, kada ka fita a guje hannu sake. Ka zauna ka ci abinci, ka ƙera takobi da sulke, domin lissafin ba zai fara ba sai ka kusanci wurin.

Girman tsiro kuma da ƙuri'a yake tafiya. A kowane bugu wasan yana zaɓar wasu 'yan bulo a makance daga cikin kowace gunduwa, wanda ƙuri'a ta faɗa kansa shi ne yake samun damar ƙara girma. Shi ya sa za ka shuka layi guda a lokaci guda, wani ya nuna ya yi ruwan zinariya wani yana kore shar. Ba ka da iko a kan ƙuri'ar, amma kana da iko a kan abin da tsiron zai yi da damarsa idan ta zo. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya sauri nesa ba kusa ba, kuma ruwa bulo ɗaya yana jiƙa bulo huɗu ta kowace fuska, wato fili mai 9 sau 9, kunya 80 ke nan da rami guda a tsakiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne idan tsiro ya ga irinsa sun kewaye shi ta ko'ina, ko irinsa yana dab da shi a karkace, saurinsa yana raguwa da rabi. Idan ka yi layin alkama, ka bi shi da layin karas, sannan alkama, sannan dankalin turawa, za ka ga bambanci da idonka. Ka kafa tocila a gefen gonar don ta ci gaba da girma da dare, ka rufe ramin ruwan da rabin bulo don kada ka faɗa, kuma kada ka yi tsalle a kan kunya, tana komawa ƙasa tsiron ya tuge. Idan ka samu amyar zuma ka ajiye kusa, ƙudajen da suka kwaso garin fure suna ƙara wa shukar girma idan sun gifta ta kanta.

Game da kirifar, ina da yaƙinin daga kan rufinka ta faɗo. Tun sabuntawar 1.18 ta ƙarshen 2021, dodanni ba sa ɓullowa sai inda hasken fitila ya kai sifili. Tocila tana ba da haske 14, yana raguwa da ɗaya a kowane taku, kuma ba ya ratsa dutse, don haka duk tocilan da ka jera a ɗaka ba su haska saman rufin ba. Dodo ba ya ɓullowa a tazarar da ba ta kai bulo 24 daga gare ka ba, wanda ke nufin ba lokacin da kake ciki ta fito ba, ta fito ne da dare kana can wajen gona ko kana hanyar dawowa, ta zauna a sama tana jira. Zombi da ƙwarangwal rana tana ƙone su, kirifa kuwa rana ba ta yi mata komai. Ka hau rufin ka shimfiɗa rabin bulo a zaune a ƙasan gurbi, ko gilashi, ko darduma, domin dodo ba ya tsirowa a kan ɗayansu. Ka kuma nemo kyanwa daga ƙauye da ɗanyen kifi ka zaunar da ita a bakin ƙofa, kirifa tana gudunta.

Sabon Magini

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Yaya. Na hau rufin yanzun nan, na tarar da shi dutse ne shimfiɗaɗɗe babu ko tocila ɗaya, har da gizo-gizo biyu a zaune a kai. Na fara rufe shi da rabin bulo. 'Yan ƙauyen kuma na ƙara musu gadaje, sun kai biyar.

Ina da ƙarin tambaya, idan ba zan takura muku ba. Ƙauyen da na samo yana da nisan bulo wajen 800 daga gidana, tafiyar tana cinye mini yini guda. Na ji ana cewa ana yanke hanya ta Nether, duniyar wutar nan da ake shiga ta ƙofar obsidiyan, amma da na gina irin ƙofar ta biyu a bayan gida don gwaji, sai ta fitar da ni a daidai inda ta farko take fitar da ni. Sannan gatarin haƙata na daiman, da na kai shi maƙera karo na bakwai don gyara, sai aka rubuta mini cewa ya yi tsada, ba a karɓi aikin ba ko da ina da matakan gogewa da yawa.

Tsohon Hannu

Barka dai, ɗana. Tun ana kiran wasan waya da sunan sigar aljihu nake bugawa, kuma tambayoyin nan biyu duk lissafi ne.

Bulo ɗaya a Nether daidai yake da bulo takwas a duniyar sama, don haka tafiyar 800 ɗinka za ta koma 100. Idan ka shiga ƙofa, wasan yana raba lambobin wurinka na gabas da yamma da na kudu da arewa gida takwas, tsayi kuwa ba ya taɓa shi, sannan ya duba ko akwai wata ƙofa a kewayen inda lissafin ya faɗa. Idan ya samu, a can zai sauke ka, ba zai gina sabuwa ba. Ƙofofinka biyu na gida tazararsu ba ta wuce 'yan taku ba idan an raba ta takwas, shi ya sa suka haɗu a baki ɗaya. Abin yi shi ne ka kunna nuna lambobin wuri a saitin duniyarka, ka je ƙauyen ka gina ƙofa ka rubuta lambobinta a takarda. A ce ta faɗa a 800 da 240. Sai ka koma gida ka shiga Nether ta tsohuwar ƙofarka, ka haƙa rami har ka isa 100 da 30, ka gina ƙofa da hannunka a wurin. Obsidiyan 10 ya isa idan ka bar kusurwoyi huɗun. Ka yi ramin a rufe da dutsen da ka zo da shi daga sama, ka sa ko takalmin zinariya ne don mutanen aladen can su ƙyale ka, kuma kada ka kuskura ka kwanta a gado, domin fashewa yake yi. Ruwa ma ba ya zama a can, yana zubowa daga bokiti yake ƙafewa.

Maƙera kuma tana da ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da ka gyara abu ko ka haɗa masa littafin tsafi a kanta, tana rubuta masa tara a ɓoye, kuma tarar tana ninkawa: 1, sai 3, sai 7, sai 15, sai 31, sai 63. Da zarar jimillar kuɗin aiki ta kai mataki 40, an rufe ƙofa, ko matakai nawa ka tara. Gatarinka ya cinye rabonsa ne a gyare-gyare. Dutsen wasa wuƙa yana goge tarar, amma da tsafin da ke jikin gatarin yake tafiya. A gaba, idan kana da littattafai huɗu, kada ka ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa su biyu-biyu tukuna sannan ka kai wa gatarin, ta haka tarar ba ta taruwa a wuri guda. Mafita ta dindindin ita ce tsafin gyaran kai, wanda ke ɗinke kayan aiki da ƙwayoyin gogewar da kake tsinta. Teburin tsafi ba ya ba da shi ko ka kewaye shi da kantocin littattafai 15 ɗin da ake buƙata. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan ƙauye mai sayar da littattafai: ka ajiye wa marar sana'a teburin karatu, ka duba littafin da yake tallatawa, idan ba shi ba ne ka fasa teburin ka sake ajiyewa. Muddin ba ka taɓa sayen komai a hannunsa ba, hajarsa za ta riƙa canzawa, ranar da ka yi ciniki ɗaya kuwa ta tsaya ke nan. Aikin yana son haƙuri, wani lokaci sai an sake sau da yawa ƙwarai.

Ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Mai Jan Gari, domin a ganina bambancin Java da Bedrock rabin matsalar ne. Sauran rabin shi ne shekarun bidiyon. Wasan yana canzawa, kuma dabarar da ta tsaya a kan kuskuren manhaja ranta a hannun Mojang yake. An yi zamanin da ake tilasta wa rake da gora girma nan take da fistan, sabuntawar 1.16 ta 2020 ta kashe wannan a Java. An yi zamanin da ake warkar da ɗan ƙauyen da ya zama zombi sau biyar a jere don farashinsa ya faɗi warwas, a 2023 aka mayar da rangwamen sau ɗaya tak. Har yau warkarwar tana da riba, da maganin raunana jiki da tuffa ta zinariya, amma sau ɗayan. Haka wanda ya ce maka ka nemi daiman a tsayi 11 ko 12 yana maganar duniyar da ta gabaci 1.18 ne, yanzu sai ka gangara kusan -58. A can ma ka fi samunsa cikin ramin da ka haƙa da kanka fiye da bangon kogo, saboda wasan yana rage daiman ɗin da ke fuskantar iska tun lokacin da yake ƙera ƙasar.

Mai Jan Gari

Gaskiyar Baba ce, kuma na karɓi gyaran. Ƙanena, tun da kana son tushe, ga aikin da nake ba duk wanda ya tambaye ni inda zai fara, domin yana aiki a waya da kwamfuta, kuma lissafinsa a fili yake.

Ka buɗe wata duniya ta gwaji inda kaya ba sa ƙarewa, ka ajiye mazurari, ka jingina masa na'urar awo, wato kwamfareta, ka ja jan gari daga bayanta. Na'urar tana auna cikar mazurarin ta mayar da ita ƙarfin wuta. Mazurari yana da gurbi biyar, kowanne yana ɗaukar 64. Ka zuba ƙarfe 41 a gurbin farko, ka sa wani abu daban guda ɗaya-ɗaya a sauran huɗun, jimilla 45, za ka ga garin ya kama wuta bulo biyu ya tsaya. Ka ƙara ƙarfe ɗaya tak su zama 46, sai bulo na uku ya haska. A kan wannan ƙarfe ɗayan aka gina duk injinan tantance kaya da kake gani a manyan rumbuna. Tun da gurabun duk a cike suke, babu abin da zai iya shiga mazurarin sai ƙarfe. Mazurarin da aka ba wuta kuma a kulle yake, ba ya janyo kaya ba ya tura su, don haka ana sa tocilar redston ta riƙe na ƙasa a kulle, sai wuta ta kai bulo na uku ta kashe tocilar, ƙarfe ɗaya ya wuce akwati, lissafi ya koma 45, ƙofa ta sake rufewa. Abubuwa huɗun da ka cike gurabu da su ka sauya musu suna a maƙera, don kada irinsu ya biyo layi ya ɓata ma'aunin.

Idan injin ƙarfenka ya tashi, zai riƙa zubo maka jajayen furanni tare da ƙarfen, domin dogarin yana barin su biyun. Ka gina wannan matatar a ƙarƙashinsa da layi biyu, ɗaya na ƙarfe ɗaya na fure, ka kuma bar akwati na uku a ƙarshen layin don duk abin da ya ɓato hanya ya samu wurin faɗawa, in ba haka ba mazuraran za su toshe. Idan 'yan ƙauyen sun kai goma dogari bai fito ba bayan yini guda na wasan, ka tsaya da dare ka ƙirga ko kowannensu ya kwanta, sannan da rana ka duba wanda ba ya zuwa wurin sana'arsa, ka faɗa mini abin da ka gani.